Tsohon Baƙo Da Takardar Zamansa

Kwanan baya aka kawo wata magana gaban dattawan wata ekklesiya a nan ƙasar Dutse. Mun ga ya kamata mu sa ta cikin wannan jarida, gama ba mutum ɗaya ta shafa ba. Ba za mu faɗi sunan mai maganar ba. Tsoho ne, magini, mutumin ƙasar Maraɗi cikin Jamhuriyar Nijar, mai bi ne kuwa tun yana saurayi. Ya zo Dutse ba da daɗewa ba bayan da aka yanke Jihar Jigawa daga Kano ran 27 ga Agusta, 1991, sa'ad da garin ya zama babban birnin jiha. Ga ma'aikata sun zo, ga gidaje babu. A lokacin nan duk wanda ya iya ɗora bulo ba ya kwana da yunwa.

Ya yi shekara 30 da ɗoriya yana gini. Matarsa ta rasu a nan, a nan kuma aka binne ta. Yanzu ƙarfi ya ƙare, ya ajiye aiki. Sai abu biyu suka haɗu masa cikin wata guda. Mai gidan da ya ke haya ya sayar da gidan, aka ba shi wa'adi ya tashi, wani ɗan'uwa cikin Kristi kuwa ya ba shi ɗaki a wani ƙauye wajen Kiyawa. Cikin wannan wata kuma wa'adin katin zamansa ya ke cika, watau katin da Hukumar Shige da Fice ta ke ba baƙo. In ya je sabuntawa za a ba shi takarda ya cika, a cikinta kuwa akwai wurin da zai rubuta inda ya ke zaune.

Mutum uku suka ba shi shawara, kowa da tasa, dukansu kuwa masu ƙaunarsa ne. Na fari ya ce, "Baba, rubuta tsohon gidan kawai, shi ne cikin littafinsu. In ka ce ka tashi, sai su ce kawo wannan, kawo wancan, kai kuwa ba ka da ƙafar kai da komo." Na biyu ya ce, "Baba, rabu da katin nan ɗungum. Kai Bahaushe ne, wa zai tare ka a kasuwar Shuwarin ya ce ina takardarka?" Na uku ya ce, "Akwai hanya mai sauƙi, Baba. Mu sami wanda zai shaida cewa mahaifinka ɗan wani ƙauye ne a nan, a yi maka takardar ɗan ƙasa, ka huta." Tsohon ya rasa wadda zai bi. Ya zo wurin dattawa ya ce, "'Ya'yana, ku gaya mini, cikin ukun nan wace ce ba zunubi ba?"

Kafin mu amsa, bari mu ga abin da doka ta ce. A 1979 ƙasashen Afirka ta Yamma da ke cikin ƙungiyar ECOWAS suka sa hannu a Dakar, cewa mutumin kowace ƙasa cikinsu ya iya shiga 'yar'uwarta ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Wanda ya ke so ya wuce haka sai ya nemi katin zama, katin kuwa yana da wa'adi, in ya cika a sabunta. A 2019 Gwamnatin Nijeriya ta buɗe rajistar baƙi, ta ce kowane baƙon da ya kai shekara 18, wanda zamansa ya wuce kwana 90, ya je a rubuta shi. An kuma ɗora wa baƙo ya sanar da hukuma in ya sake wurin zama. Ran 29 ga Janairu, 2025, Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS. A ranar ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanen ƙasashen nan uku su shiga su zauna kamar dā, har sai an yanke wata shawara. Tsohon ya ji wannan a rediyo, tun daga ranar kuwa zuciyarsa ba ta kwanta sosai ba.

Kada mu yi saurin hukunta mashawartan nan uku. Suna da hujja, hujjar kuma ba ta banza ba ce. Iyakar da ta raba Maraɗi da Katsina, ta raba Gumel da Damagaram, Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja ta a takarda a 1898, suka gyara ta a 1904 da 1906, ba su tambayi kowa cikin kakanninmu ba. Sarautar Maraɗi kanta Katsinawa ne suka kafa ta, waɗanda suka fita daga birninsu bayan jihadi. A Maigatari har yau ana cin kasuwa ɗaya, ana auratayya, harshe ɗaya, tuwo ɗaya. To, ƙaƙa za a ce da mutumin da ya gina gidajen Dutse da hannunsa baƙo ne? In kuwa ya rubuta tsohon gida, wa ya cuta? Bai ɗauki kayan kowa ba. Mun yarda wannan tambaya tana da nauyi. Duk da haka ba mu iya ce wa tsohon ya bi ko ɗaya daga cikin ukun ba, ga kuwa dalilanmu.

Da fari, tambayar da takardar nan ta ke yi ba Turawa ne suka kawo ta ba. Tun kafin a san biza a ƙasar Hausa, in baƙo ya sauka a gari, mai masaukinsa ya kan kai shi wurin mai unguwa, mai unguwa ya sanar da dagaci, in maganar ta kai ta kawo, ta je kunnen hakimi. Abin da a ke tambaya shi ne, daga ina ka fito, wa ya sauke ka, ina ka ke kwana? Fatake ma in sun isa wani gari, a zango su ke sauka, Sarkin Zango ya san da su. Baƙon da ya faɗi gaskiya, in ya yi ciwo a san inda za a same shi, in an zalunce shi a san wanda zai tsaya masa, in ya mutu a san wanda za a aika wa. Baƙon da ya ɓoye makwancinsa kuwa, kowa ya kan yi zargin akwai abin da ya ke ɓoyewa. Ashe fom ɗin hukuma tsohuwar tambayar mai unguwa ce aka sa a takarda. Wanda ba zai yi wa mai unguwa ƙarya ido da ido ba, don me zai yi wa takarda?

Na biyu, mu dubi Ibrahim, gama sau biyu Maganar Allah ta nuna mana shi yana baƙo gaban masu ƙasa. Cikin Farawa sura 12 yunwa ta kai shi Masar. Tsoro ya kama shi, ya ce da Saratu ta faɗa ita 'yar'uwarsa ce. Maganar ba ƙarya ce ƙiri-ƙiri ba, gama akwai dangantaka tsakaninsu, amma ya faɗe ta don a ruɗe. Me ya biyo baya? Aka ɗauke masa mata, masifa ta faɗa wa gidan Fir'auna, sarkin da bai san Allah ba ya tsawata wa mutumin Allah, aka raka shi har ya fita ƙasar. Shawarar mutum na fari irin wannan ce. Tsohon gidan gaskiya ne ya taɓa zama ciki, amma in ya rubuta shi yau, don a ruɗe ya rubuta.

Cikin sura 23 kuma ga Ibrahim ya tsufa, Saratu ta rasu a Hebron tana da shekara 127. A wannan karo bai ɓoye kome ba. Ya tsaya gaban Hittiyawa ya faɗa da bakinsa shi baƙo ne a cikinsu. Suka so su ba shi kabari kyauta, ya ƙi. Ya auna wa Efron shekel 400 na azurfa a ƙofar gari, idon kowa yana gani, aka tabbatar masa da gonar da kogon Makfela. Wannan wuri da ya saya a fili shi ne ya tabbata. A can aka binne shi, da Ishaku, da Rifkatu, da Lai'atu, da Yakubu. Tsohonmu shi ma ya binne matarsa a ƙasar da ba tasa ba. Mun tambaye shi, "Baba, wanne Ibrahim ka ke so ka bi, na Masar ko na Hebron?"

Na uku, game da barin katin ɗungum. Bulus ya rubuta wa Romawa, sura 13, cewa mai bi ya yi biyayya ga masu mulki, ba don tsoron horo kaɗai ba, amma sabo da lamiri. Bitrus kuma cikin wasiƙarsa ta fari, sura 2, a wuri ɗaya ya kira masu bi baƙi, a wuri ɗaya kuma ya ce su girmama hukuma, don masu neman abin zargi su rasa. Mun sani akwai lokacin da za a ƙi umurnin mutum don a bi na Allah, kamar yadda manzanni suka yi sa'ad da aka hana su wa'azi. Amma faɗin inda ka ke kwana ba ya cikin wannan. Babu wanda ya ce da tsohon ya bar bangaskiyarsa. An ce dai ya faɗi sunan ƙauyensa.

Tarihi ma ya koya mana abin da kan sami baƙon da ya ce wa zai tambaye ni. Ran 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Dokta Busia ta Gana ta ba kowane baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Hausawa da Yarabawa da yawa na zangon Kumasi da na Ankara suka tashi, cikinsu har da tsofaffin da suka yi shekaru aru-aru a can, da 'ya'yan da aka haifa a can. A Janairu 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta yi irin wannan a Nijeriya. Kimanin mutum miliyan ɗaya 'yan Gana suka fita, da mutanen Nijar da na Cadi masu yawa. Kafin ranakun nan ba wanda ya ke tare su a kasuwa. Saurayi in an kore shi ya ɗauki jakarsa ya sake farawa. Tsoho fa? Ba mu kawo wannan don mu ce tsoro ne tushen gaskiya ba. Ko da babu mai kora har abada, ƙarya ƙarya ce. Amma masu ba tsoho shawara su tuna, ranar da ramin ƙarya ya ƙure, ba su ne a ciki ba.

Shawara ta uku ta fi sauran muni, ko da ya ke ta fi su daɗin ji. Mutum ɗaya ba ya iya yin ta. Sai an sami mai shaidar zur, an sami mai sa hannu, watakila an miƙa wani abu a ɓoye. Tsohon zai musanta mahaifin da ya haife shi, ya ari wani. 'Ya'yansa da jikokinsa kuma za su gāji ƙaryar, su riƙa maimaita ta a makaranta da wurin neman aiki, ba su san ranar da za ta tonu ba. Alhali kuwa akwai ƙofa ta halal. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 27, ya ce baƙon da ya zauna shekara 15 a ƙasar ya iya neman zama ɗan ƙasa, in yana da hali nagari, in kuma gwamnan jihar da ya ke zaune ya ga mutanen wurin sun karɓe shi. Hanyar tana da tsawo, ba kowa ke samu ba. Amma wanda ya shiga ta ƙofa ba ya firgita in an ƙwanƙwasa.

To, ya ku masu karatu, in muka tsaya a nan mun ɗora wa tsoho kaya mun tafi. Yana da sauƙi mai ƙafa da mai kuɗin mota ya ce da gurgu ya faɗi gaskiya. Sauran rabin maganar namu ne.

Ku dubi yadda duniya ta ke auna tsohon baƙo. A ƙasar Tailan, can gabas, akwai izinin zama na masu ritaya, Turawa da yawa kuwa sun je sun tare a can. Sai mutum ya kai shekara 50, ya nuna yana da baht 800,000 na kuɗin ƙasar a banki, ko kuwa yana samun baht 65,000 kowane wata. Kowace shekara sai ya je ya sabunta a ofishin lardin da ya ke zaune. Kowane kwana 90 sai ya sanar da inda ya ke. In ya sake gida, mai gidan da ya sauke shi sai ya sanar da hukuma cikin awa 24. Wanda tashinsa ya zo daidai da lokacin sabuntawa ya kan sha wahala, gama sai takardun sabon gida sun daidaita tukuna. Ba mu ce ƙasar ta yi laifi ba, kowace ƙasa tana da ikon tsare ƙofarta. Amma ku lura da ma'aunin. Tsohon da ya ke da kuɗi, a ce masa maraba. Wanda kuɗinsa ya ƙare, ko ya yi shekara 20 a wurin, sai ya nemi hanyar gida.

Ma'aunin Allah dabam ne. Cikin Littafin Firistoci sura 19 an umurci Isra'ilawa kada su cuci baƙon da ke zaune tare da su, su ɗauke shi kamar haifaffen gida, su ƙaunace shi kamar kansu, aka kuwa ba su dalili, watau su ma sun yi baƙunci a Masar. Cikin wannan sura ɗin kuma aka ce a tashi tsaye don mai furfura. Tsohonmu baƙo ne, mai furfura ne kuma, umurni biyu ke nan suka haɗu a kansa. Hausawa su kan ce baƙo raɓa ne. Amma wanda ya yi shekara 30 yana ɗora mana bulo, ya raira waƙa tare da mu, ya ci Jibin Ubangiji tare da mu, ba raɓa ba ne a wurin ekklesiya. Gaɓa ne cikin jiki.

Mu kanmu ma, da yawa cikinmu da ke sujada a Dutse, da Birnin Kudu, da Jahun, aiki ne ya kawo mu daga wasu jihohi. Ma'aikacin gwamnati ya kan ajiye aiki in ya cika shekara 35 yana yi, ko ya kai shekara 60 da haihuwa, sa'an nan ya bar gidan gwamnati in a ciki ya ke. Wanda ya kama aiki shekarar da aka yi jihar, 35 ɗinsa ta cika a 2026. Ba mu da katin zama, amma ranar tashi tana jiranmu, da takardun fansho, da tantancewa, da jarabar rage shekaru ko ƙara su. Kada wanda ya gyara ranar haihuwarsa a fayil ya ɗaga murya a kan tsohon magini.

Sabo da haka ga abin da dattawan suka yi, muna kuwa roƙon kowace ekklesiya da ke da irin wannan tsoho ta yi haka. Ɗan'uwan da ya ba shi ɗaki ya kai shi wurin mai unguwar ƙauyen, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga baƙona, ni na sauke shi." Ya kuma rubuta takarda da sunansa cewa a gidansa tsohon ya ke zaune. Aka fitar da kuɗin mota da na hoto da kuɗin da doka ta yanka daga baikon taimako. Wani saurayi mai ilimi ya raka shi Dutse tun wa'adin bai cika ba, ya taya shi cika fom, aka rubuta sabon wurin zama kamar yadda ya ke. An kuma ja wa saurayin kunne tun daga gida: abin da za a ba da rasit kaɗai za a biya. Sau biyu suka je, gama a zuwan fari tsohon ya manta wata takarda a akwati. Duk abin da mutum na fari ya ji tsoro, na kai da komo, gaskiya ne. Amma da aka raba wahalar tsakanin mutum biyar, ba ta karya kowa ba.

Akwai tambaya ɗaya da ta rage, wadda ba mu amsa masa ba, ba kuwa za mu amsa wa kowa ba. Wani ya ce, "Me ya hana Baba ya koma Maraɗi ya huta cikin danginsa?" Littafi Mai Tsarki ya nuna mana tsofaffi biyu. Barzillai yana da shekara 80 sa'ad da Sarki Dawuda ya ce ya zo Urushalima ya zauna a fada. Ya ƙi, ya ce a bar shi ya koma ya mutu a garinsu kusa da kabarin iyayensa (2 Sama'ila 19). Yakubu kuwa yana da shekara 130 ya tashi zuwa Masar, ya tsaya gaban Fir'auna ya faɗi shekarunsa daidai, ya zauna a Goshen shekara 17 da izinin sarki (Farawa 47). Ba a zargi ko ɗaya cikinsu ba. Tsoho ya iya komawa, ya iya zama. Abin da mu ke gargaɗi shi ne ya yanke shawara tun yana da hankalinsa da sauran ƙarfinsa, ya faɗa wa 'ya'yansa inda ya ke so a kwantar da shi, kamar yadda Yakubu ya faɗa wa Yusufu. Kada kuma 'ya'ya ko ekklesiya su tura shi gida don sun gaji da ɗawainiyarsa, su ce don hutunsa ne.

'Yan'uwa, ku duba cikin taronku ran Lahadi mai zuwa. Akwai tsoho ko tsohuwa da suka zo daga Nijar, ko Cadi, ko Kamaru, ko Gana? Kun san ko takardarsu tana da rai? Kun san ko mai gidan haya ya ba su wa'adi? Da yawa ba za su faɗa ba, don kunya. Ku tambaye su a asirce, da ladabi. Ku kuma, iyayenmu baƙi, kada ku bar tsoro ya sa ku ɓata sunan da kuka yi shekaru kuna tsarewa sabo da layi ɗaya a takarda. Ku rubuta inda ku ke kwana. Ubangiji wanda ya tsare ku tun ranar da kuka ƙetare iyaka ya san ƙauyen, ya san ɗakin, ba zai kuwa manta da ku a can ba.